Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Shin Sikizofireniya da Rarrabuwar Zati Suna Haɗuwa a Jikin Mutum Ɗaya?

Tsakure

A bakin jama'a, kuma sau da yawa a alƙalamin masu fassara, sikizofireniya ita ce cutar da ke mayar da mutum ɗaya ya zama mutum biyu. A wurin likitocin ƙwaƙwalwa kuwa wannan siffa ta wata lalura ce dabam, wadda suke taƙaita sunanta da haruffan DID, a wannan maƙala kuma aka kira ta rarrabuwar zati. Maƙalar ta bi sawun ruɗanin tun daga sunan da aka raɗa wa cutar farko a 1908, ta duba alamomin da lalurorin biyu suka yi tarayya a kansu da waɗanda suka raba su, sannan ta fuskanci tambayar ko suna iya zama tare a jikin mutum ɗaya. An nuna cewa ƙa'idojin tantance cuta na yau ba su hana haɗuwarsu ba, sai dai jin muryoyi kaɗai ba ya isa hujjar cewa sun haɗu.

1.0 Gabatarwa

Idan majinyaci ya gaya wa likita cewa yana jin muryoyi biyu suna gardama a kansa, abin da likitan ya rubuta a takardarsa ranar nan yana iya shata masa hanyar shekaru masu yawa. In an ce sikizofireniya ce, za a ɗora shi kan magungunan da ke rage tasirin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, wataƙila na tsawon rayuwa. In an ce rarrabuwar zati ce, jigon jinyarsa zai zama doguwar tattaunawa da ƙwararre kan abin da ya same shi tun yana yaro. Kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. A wani nazari da Colin Ross da abokan aikinsa suka wallafa a Kanada a 1989 kan majinyata 236 masu rarrabuwar zati, kimanin kashi 40 cikin ɗari an taɓa cewa sikizofireniya ke damunsu. Kafin wannan, a 1986, Frank Putnam da abokan aikinsa a Amurka sun duba majinyata 100, suka ga cewa a matsakaici sun yi kusan shekara bakwai suna zirga-zirga a asibitoci kafin a gane lalurar tasu. Tambayar da ta biyo baya ita ce: duk waɗannan kuskuren likita ne, ko kuwa a cikinsu akwai masu ɗauke da cutar biyu a lokaci guda?

2.0 Inda Ruɗanin Ya Samo Asali

A ƙarshen ƙarni na 19 likitan Jamus Emil Kraepelin ya tattara wasu nau'o'in taɓin hankali ƙarƙashin suna ɗaya mai ma'anar lalacewar hankali tun da ƙuruciya. Eugen Bleuler, shugaban asibitin Burghölzli da ke Zurik a Suwizalan, bai gamsu da sunan ba, domin ya ga ba kowane majinyaci ne hankalinsa ke lalacewa ba, kuma ba kowa ne cutar ke kamawa da ƙuruciya ba. A wata lacca da ya gabatar a Barlin a 1908 ya kawo sabon suna daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai ma'anar tsagawa, ɗaya mai ma'anar hankali, ya kuma faɗaɗa bayaninsa a littafinsa na 1911. Tsagewar da Bleuler yake nufi ita ce kwancewar igiyar da ke ɗaure tunani da tunani, da kuma tunani da shauƙi: mutum ya ba da labarin rasuwar mahaifiyarsa yana dariya, ko ya fara zance kan kasuwa ya ɓulle a wani wuri ba tare da wata gada ba.

Sai dai laifin ruɗanin ba na jama'a ba ne su kaɗai. A daidai wannan zamani Pierre Janet a Faransa yana nazarin yadda wani sashe na tunani ko na abin da aka tuna yake ɓallewa daga sauran bayan mummunan tashin hankali, ya ci gaba da aiki a gefe ba da sanin mai shi ba. Littafinsa na 1889 shi ne tushen wannan fage. Carl Jung, wanda yake aiki ƙarƙashin Bleuler, ya je Faris ya saurari darussan Janet a tsakanin 1902 da 1903. Ba abin mamaki ba ne da aka sami wurare a littafin Bleuler inda yake bayyana majinyacin da zatinsa ya rasa haɗin kai, har wani ɓangare na tunaninsa ya wakilce shi yau, wani kuma gobe. Wato tun ranar suna an cakuɗa jariran biyu a zane ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Milton Rosenbaum ya nuna a 1980 cewa rahotannin masu zati fiye da ɗaya sun yi ƙasa sosai a mujallun likitanci a shekarun da sunan sikizofireniya ya karɓu, musamman a Amurka. A ganinsa majinyatan ba ɓacewa suka yi ba, sabon suna ne ya haɗiye su. Sai a 1980 ɗin ne bugu na uku na kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wato DSM, ya ba lalurar cikakken gurbi da sharuɗɗanta. Bugu na huɗu a 1994 ya sauya mata suna daga mai nuna yawan mutane a jiki ɗaya zuwa mai nuna rarrabuwar zati ɗaya. Sauyin yana da ma'ana: ba mutane da yawa ne suka taru a jiki guda ba, mutum ɗaya ne bai samu ya haɗu ya zama guda ba.

3.0 Tarayya da Bambanci

Babbar mahaɗar lalurorin biyu ita ce jerin alamomin da likitan Jamus Kurt Schneider ya kira na sahun farko. Cikinsu akwai jin muryoyi suna zance da juna, da jin murya tana sharhi kan duk abin da mutum yake yi, da jin cewa ana cusa masa tunanin da ba nasa ba ko ana zare masa nasa, da jin cewa wani ƙarfi ne ke motsa gaɓoɓinsa. Schneider ya ɗauke su a matsayin manuniya mai ƙarfi ga sikizofireniya idan babu wata cuta a jikin ƙwaƙwalwar, kuma likitoci sun bi shi shekaru da dama. A bugu na huɗu na DSM, alama ɗaya tak daga irin waɗannan, kamar muryoyi biyu masu hira da juna, ta isa ta cika sharaɗin farko na cutar, alhali sauran alamomi sai an sami biyu.

A 1987 Richard Kluft ya wallafa nazarin majinyata 30 masu rarrabuwar zati, inda ya sami matsakaicin alamomin Schneider fiye da uku ga kowane ɗaya. Dalilin a fili yake idan aka dubi yadda lalurar take aiki. Wanda zatinsa ya rarrabu yana jin sassan nasa suna magana: wani yana zaginsa, wani yana kuka, wani yana ba da umarni. Idan wani sashe ya kutso bai kai ga karɓe ragama ba, mai shi zai ji tunanin da bai san inda ya fito ba, ko ya ga hannunsa ya rubuta abin da bai yi niyya ba. Ke nan mutum yana iya cika ƙa'idar sikizofireniya ta wancan lokaci cif-cif ba tare da yana da ita ba. Bugu na biyar a 2013 ya janye wannan fifiko, ya ce dole a sami alamomi biyu daga cikin biyar, kuma a ci gaba da ganin alamun cutar na tsawon wata shida.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci wata gajeriyar hanya: muryar sikizofireniya daga waje ake jin ta, ta rarrabuwar zati kuma daga cikin kai. Binciken Martin Dorahy da abokan aikinsa na 2009 ya raunana wannan ƙa'ida, domin a duka rukunonin da suka gwada an fi jin muryoyin daga ciki. Bambancin da suka samu yana wani wuri. Masu rarrabuwar zati sun fi fara jin muryoyi kafin shekara 18, sun fi jin murya fiye da biyu, kuma sun fi jin muryoyin yara haɗe da na manya.

Abin da ya fi raba su shi ne alamomin da ɗaya take da su ɗayar ba ta da su. Ginshiƙin rarrabuwar zati biyu ne: samuwar yanayin zati biyu ko fiye masu karɓar ragamar mutum bi da bi, da kuma giɓin mantuwa wanda ya wuce mantuwar yau da kullum. Mutum ya tsinci kansa a wata unguwa bai san yadda ya je ba, ko ya ga tufafi a ɗakinsa waɗanda aka ce shi ya sayo, ko a gaishe shi da sunan da bai san an san shi da shi ba. Ita kuwa sikizofireniya tana zuwa da warwarewar zance har ya koma soki-burutsu, da ruɗaɗɗen yaƙini wanda hujja ba ta girgiza shi, da abin da likitoci ke kira alamomin rashi: fuska ta daina nuna shauƙi, magana ta ƙaranta, himma ta mutu, mutum ya janye daga mutane. Yawanci tana bayyana ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa shekaru ashirin da wani abu, maza kuma sukan riga mata. Mai rarrabuwar zati, duk da muryoyin da ke kansa, galibi zancensa a tsare yake, kuma ya san abin da yake ji baƙon abu ne; shi ya sa yakan ɓoye shi shekaru don tsoron kada a ce ya haukace.

4.0 To, Suna Haɗuwa?

Ta fuskar ƙa'ida, babu abin da ya hana. Abubuwan da DSM na yau ya ce a kawar kafin a tabbatar da rarrabuwar zati su ne tasirin kayan maye, da cutar jiki irin wasu nau'o'in farfaɗiya, da abin da al'ada ko addini suka yarda da shi. Bai ambaci sikizofireniya a cikin masu kore ta ba. Haka ma sharuɗɗan sikizofireniya ba su kore rarrabuwar zati ba. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD bugu na 11 wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya ɗan ƙara tsanantawa, inda ya nemi a tabbatar cewa wata cuta irin sikizofireniya ba ta fi bayyana alamomin ba. Wannan ba haramci ba ne, neman shaida ne: kowace cuta ta zo da hujjar da ba aro ta yi daga 'yar'uwarta ba.

Ɗan lissafi zai taimaka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 300 yana da sikizofireniya, wato kimanin mutum miliyan 24 a duniya. DSM ya kawo adadin kashi 1.5 cikin ɗari ga rarrabuwar zati, daga wani ƙaramin bincike a Amurka, adadin da masana da yawa suke ganin ya yi yawa. Ko da an karɓe shi yadda yake, in da babu wata alaƙa tsakanin lalurorin, katari kaɗai zai haɗa su a jikin mutum ɗaya cikin kimanin 20,000. Amma akwai dalilin zaton cewa alaƙar tana nan. Masu nazarin rarrabuwar zati sun daɗe suna danganta ta da azabtarwa mai maimaituwa a farkon ƙuruciya. A 2012 kuma Filippo Varese da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa wahalar ƙuruciya, kamar duka da cin zarafi da rashin kulawa, tana ninka haɗarin taɓin hankali mai raba mutum da zahiri kusan sau uku. Idan gona ɗaya ce ke tsirar da iri biyu, ba abin mamaki ba ne a same su a kunya ɗaya.

Colin Ross ya wuce nan. A littafinsa na 2004 ya kawo shawarar cewa a cikin masu sikizofireniya akwai wani rukuni na musamman da ɓallewar hayyaci ta yi wa yawa, masu tarihin azabar ƙuruciya, waɗanda ya kamata a ware musu suna da salon jinya. Binciken Vedat Şar da abokan aikinsa a Turkiyya ya ƙarfafa cewa alaƙar azabar ƙuruciya da ɓallewar hayyaci tana nan a cikin masu sikizofireniya. Duk da haka babu ɗaya daga cikin manyan kundayen biyu da ya karɓi wannan rukuni, kuma akwai dalili. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, mai tambayoyi 28 da Eve Bernstein da Frank Putnam suka tsara a 1986, na tacewa ne, ba na yanke hukunci ba. Wanda zancensa ya warware yana iya amsa "e" ga tambayar da bai fahimta ba, kuma wanda ya yi yaƙinin cewa shi wani shahararren sarki ne ba zatinsa ne ya rarrabu ba, ruɗu ne ya kama shi. Yawan maki a ma'auni daban, cikakkiyar rarrabuwar zati daban.

Akwai kuma masu ja da tushen tambayar baki ɗaya. Bayan fitowar littafin Sybil a 1973 da fim ɗinsa a 1976, adadin waɗanda aka ce suna da lalurar ya yi tashin gwauron zabo a Amurka. Nicholas Spanos da masu ra'ayinsa sun ce yawancin abin koyo ne, wanda tambayoyin masu jinya da labaran kafofin watsa labarai suka shuka a zukatan masu rauni. Muhawarar ba ta mutu ba har yau, amma ko wanda ya fi kowa shakka ya yarda cewa giɓin mantuwa da sauyin zati ba su ne sikizofireniya ba.

Hukuncin da ya fi kusa da hujjojin da ke hannu shi ne cewa haɗuwar tana yiwuwa, amma ba ta kai yawan da tarayyar alamomi ke nunawa ba. Likitan da zai rubuta sunayen biyu ga mutum ɗaya yana buƙatar ya ga sauyin zati da giɓin mantuwa a lokacin da hankalin majinyacin yake kwance, ya kuma ga warwarewar zance ko alamomin rashi ko ruɗaɗɗen yaƙini waɗanda suke nan daram ko wane sashe ne ke riƙe da ragama. Wannan ba aikin zama ɗaya ba ne. Sau da yawa jinyar ce ke bayyana gaskiya: maganin sikizofireniya, wanda aka fara da kulofuromazin a Faris a 1952, yakan kwantar da ruɗu da warwarewar zance, amma ba kasafai yake kashe muryoyin sassan zati ba. Haɗarin shi ne likita ya ɗauka magani ne bai isa ba, ya yi ta ƙara yawansa, majinyaci ya kwashi illolinsa na ƙiba da ciwon sukari da karkarwar gaɓoɓi a banza. Ta ɗaya ɓangaren, tono tsohon ƙunci ga wanda ruɗu bai sake shi ba yana iya dagula shi. Saboda haka inda aka tabbatar da duka biyun, akan fara da kwantar da ruɗun da samar da natsuwa kafin a taɓa tarihin ƙuruciya.

5.0 Inda Lamarin Ya Shafi Mai Nazarin Hausa

Bugu na biyar na DSM ya ƙara wani abu da ya kawo batun har ƙofar gidan mai nazarin al'ada. Ya ce rarrabuwar zati tana iya zuwa da siffar shiga, wato mutum ya ji wani ruhi ko wata halitta ta karɓe jikinsa, amma ya gindaya cewa ba cuta ba ce idan abin yana cikin tsarin da al'umma ta yarda da shi. Hawan bori, kamar yadda Tremearne ya rubuta a 1914, da Fremont Besmer a Kano a 1983, da Adeline Masquelier a Dogondutsi a 2001, yana da lokacinsa da kiɗansa da masu kula da shi, kuma doki ko goɗiya sukan koma harkokinsu bayan iska ta sauka. Wannan bai shiga lissafin cuta ba. Mai wuyar ita ce wadda abin ke zo mata ba ta nema ba, wata murya ta yi magana da bakinta da wani suna, ta farfaɗo ba ta tuna komai ba, har abin ya hana ta karatu ko zaman aure. Ga kuma saurayin da ya daina wanka, yake sambatu, ya haƙiƙance cewa ana aiko masa saƙo ta rediyo. A gida duka biyun ana iya cewa iska ce ko aljanu, a kai su wurin ruƙiya ɗaya. Ba hurumin likita ba ne ya yanke hukunci kan abin da iyali suka yi imani da shi, amma aikinsa ne ya gane cewa siffofin biyu ba ɗaya ba ne, ya kuma bincika ko farfaɗiya ce ta ɓad da kama.

A nan harshe yake zama kayan aiki. Wanda ya ce "ji nake kamar wani ne ke motsa hannuna" bai faɗi abin da wanda ya ce "maƙwabcina ne ke motsa hannuna da na'ura" ya faɗa ba. Kalmar kamar ita ce shaidar cewa na farko bai rabu da zahiri ba, kuma tafintan da ya yar da ita a tsakanin majinyaci da likita ya sauya cutar da bakinsa. Haka nan littattafan Turai sukan lura cewa mai rarrabuwar zati yakan kira kansa da "mu". A Hausa kuwa basarake da malami da dattijo, har da mai kunyar cewa "ni", duk suna cewa "mun gode" ko "muna nan tafe" alhali mutum ɗaya ne. Duk wanda zai fassara ma'aunin tambayoyi 28 ɗin nan zuwa Hausa sai ya yi la'akari da irin waɗannan, tare da faɗin kalmomi irin su hauka da taɓuwa da zautuwa da motsi, waɗanda iyakokinsu ba su yi daidai da na kundayen likitoci ba.

Saura batun suna. Larabcin yau da kullum ya faɗa ramin da Bleuler ya haƙa, inda jama'a ke kiran sikizofireniya da lafazi mai ma'anar rabuwar shakhsiyya, duk da cewa likitocin Larabawa suna da kalmar fusam. Japan ta daɗe da suna mai ma'anar cutar tsagewar hankali, kuma saboda nauyinsa likitoci da yawa ba sa iya gaya wa majinyaci abin da ke damunsa. A 2002 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta maye shi da wani mai ma'anar lalurar rashin daidaituwar haɗin tunani, kuma cikin shekara biyu adadin majinyatan da ake sanar da su sunan cutarsu ya tashi daga kimanin kashi 37 zuwa kusan kashi 70 cikin ɗari. Hausa ba ta riga ta tsayar da kalma ɗaya ga kowace daga cikin lalurorin biyu ba, don haka masu ƙirƙirar kalmomin fannu suna da damar da Larabci da Japananci suka rasa da farko. Fassarar asalin Girkancin kai tsaye, a ce tsagewar hankali ko rabuwar hankali, za ta ba sikizofireniya sunan da ya fi dacewa da ɗayar. Zai fi kyau a bar duk wata kalma mai tushen raba ko tsaga ga lalurar zati, ita kuwa sikizofireniya a ara sunanta yadda yake, ko a gina mata wani a kan warwarewar tunani.